Waƙoƙi 24 da Matar da Ta Ƙi Biya

A daren 21 ga Fabrairu, 2005, kwamfutocin wani kamfani mai suna MediaSentry suna ta kewaye a cikin Kazaa, manhajar da miliyoyin mutane ke musayar waƙoƙi da ita kyauta a wancan zamani. Farauta suka fito. Manyan kamfanonin waƙa na Amurka ne suka ɗauki MediaSentry haya domin ya shiga cikin masu musayar kamar ɗan gida, ya riƙa lura da wanda ya tara kaya da yawa. A daren nan suka ci karo da wani mai laƙabin "tereastarr", wanda ya buɗe jakar waƙoƙinsa ga duk mai so. Da aka ƙirga abin da ke ciki, sai aka samu waƙoƙi 1,702.

Suka ɗauki hoton jerin waƙoƙin kamar yadda ya fito a fuskar kwamfuta. Suka sauke wasu daga ciki don su tabbatar waƙoƙin gaske ne, ba suna kawai aka liƙa musu ba. Suka rubuta lambar adireshin intanet da kayan suka fito daga gare ta, da rana, da sa'a, da minti. Sannan suka aika wa mai laƙabin saƙon gargaɗi ta cikin manhajar, cewa abin da yake yi ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka. Babu wanda ya amsa.

Kafin a kai ga wannan farauta, an sha gwagwarmaya. A 1999 wani ɗalibi a birnin Boston, Shawn Fanning, ya fito da Napster, kuma kafin a ankara matasa sun daina sayen faifai. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta maka Napster a kotu, zuwa tsakiyar 2001 aka rufe shi. Rufewar ta zo da sauƙi, domin Napster yana da manyan kwamfutocinsa na kansa inda yake ajiye jerin abin da kowa ke da shi. Da aka kashe waɗannan, komai ya tsaya cak.

Waɗanda suka zo daga baya sun ɗauki darasi. Kazaa, wadda ta bayyana a 2001, ba ta da wata cibiya guda da za a kashe. Kwamfutocin masu amfani da ita ne ke nemo wa juna kaya. Kamfanin da ya mallake ta daga baya yana zaune a Ostareliya, rajistarsa kuma tana tsibirin Vanuatu. A watan Afrilun 2003 wani alƙali a Los Angeles ya yanke cewa masu irin wannan manhaja, Grokster da Morpheus, ba su da alhakin abin da mutane ke yi da ita. Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci a 2005, amma kamfanonin waƙa ba su jira ba. Tunda an kasa kama mai kasuwa, sai aka koma kan 'yan kasuwar ɗaya bayan ɗaya. Ran 8 ga Satumba, 2003, RIAA ta shigar da ƙarar mutum 261 a rana guda.

Abin da ya sa kamun ya yi sauƙi yana cikin yadda manhajar take aiki. Duk waƙar da mutum ya sauke, Kazaa tana ajiye ta a wata jaka da ke buɗe ga kowa, sai dai in shi ya shiga ya rufe da hannunsa, kuma da yawa ba su ma san da zancen ba. Tamkar shanya ce a bakin titi: mai wucewa yana ganin abin da aka baza, yana iya ɗiba, yana kuma ganin ƙofar gidan da aka yi shanyar. Kwamfuta ba za ta iya miƙa wa wata kwamfuta waƙa ba sai kowacce ta san adireshin 'yar uwarta, don haka laƙabi ba ya ɓoye kowa.

Sai dai adireshin lamba ce tsagwaronta, ba ta ɗauke da sunan mutum. Kamfanin da ke sayar wa gida intanet ne kaɗai ke da rajistar wanda aka bai wa lamba kaza a sa'a kaza. Da farko RIAA takan karɓo sammaci daga magatakardar kotu ba tare da alƙali ya duba ba, ta kai wa kamfanin ya ba da suna. Kamfanin Verizon ya ƙi, aka yi shari'a, a watan Disamban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya. Daga nan aka sauya salo. Lauyoyi sukan shigar da ƙarar mutanen da ba a san sunansu ba, ɗaruruwa a lokaci guda, kowanne da lambarsa, su roƙi alƙali ya ba da izinin tambayar kamfanin intanet. Suna na fitowa, sai wasiƙa ta bi shi gida.

Wasiƙar ba ta da kwana-kwana. Dokar Amurka ta ce mai haƙƙin mallaka ba sai ya nuna asarar da ya yi ba. Yana iya neman diyyar da doka ta ƙayyade, daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowace waƙa, in kuma da gangan aka yi, har zuwa 150,000. Ko ka biya dala dubu uku zuwa biyar a rufe magana, ko a haɗu a kotu. Duk wanda ya tuntuɓi lauya yakan ji cewa kuɗin kare kai kaɗai zai ninka wannan sau da yawa. Don haka kusan kowa biya yake yi, mai laifi da marar laifi. Zuwa 2007 har shafin intanet aka buɗe inda ɗaliban jami'a ke biya da katin banki tun kafin a kai su ƙara.

Tarun bai tsaya kan kifin da ake nema ba. A rukunin farko akwai yarinya 'yar shekara 12 a New York, wadda mahaifiyarta ta biya dala 2,000. Akwai wata dattijuwa a jihar Massachusetts da aka zarga da rarraba waƙoƙin gambarar zamani, sai aka gano kwamfutarta ƙirar Apple ce, wadda Kazaa ba ta aiki a kanta, aka janye ƙarar. A 2005 aka kai ƙarar wata tsohuwa mai shekara 83 a West Virginia bayan ta riga mu gidan gaskiya, 'yarta kuma ta ce ko kwamfuta ba ta yarda a ajiye mata a gida ba. A 2008 masu bincike a Jami'ar Washington sun nuna cewa ana iya yaudarar wasu masu farautar har su aika takardar gargaɗi ga firinta. Lambar layi ake kamawa, kuma layi ɗaya yana iya ɗaukar uba da 'ya'ya da baƙo da maƙwabci.

Lambar da aka rubuta a daren Fabrairun nan ta kamfanin intanet na Charter ce. Da sammaci ya isa, Charter ya duba rajistarsa ya ba da suna: Jammie Thomas, mazauniyar Brainerd, wani ƙaramin gari a jihar Minnesota. 'Yar asalin ƙabilar Ojibwe ce, tana aiki a ofishin kula da albarkatun ƙasa na al'ummarsu ta Mille Lacs, tana kuma riƙe da 'ya'ya biyu ita kaɗai. A watan Agustan 2005 wasiƙa ta same ta. Aka nemi ta biya wajen dala 5,000. Ta ce ba ta yi ba, kuma ba za ta biya ko sisi ba. A watan Afrilun 2006 aka shigar da ƙara. Cikin dubban mutanen da aka bi, ita ce ta farko da ta ja har gaban masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutum goma sha biyu da akan zaɓo daga cikin jama'ar gari su saurari shaida su faɗi mai gaskiya.

Aka zauna a birnin Duluth a farkon Oktoban 2007, a gaban alƙali Michael Davis. Kamfanoni shida ne suka shigar da ƙarar, cikinsu har da Capitol da Sony BMG da Warner Bros. Ba su tsaya kan waƙoƙi 1,702 ba, suka zaɓi 24 da suke da cikakkun takardunsu, na mawaƙa irin su Aerosmith, Green Day, Janet Jackson, Gloria Estefan da Journey. A kantin iTunes na lokacin kowace waƙa senti 99 ce, ke nan duka ashirin da huɗun ba su wuce dala 24 ba.

Wanda ya zo yana tsammanin za a ga wata baiwar Allah da aka kama bisa kuskure, ya sha mamaki. Lauyan kamfanonin, Richard Gabriel, ya jera shaida ɗaya bayan ɗaya. Laƙabin "tereastarr" shi ne wanda Jammie ta daɗe tana amfani da shi a adireshinta na imel, da wajen sayayya a intanet, da wani shafin neman abokin zama. Lambar na'urar da ke haɗa gidanta da intanet ta yi daidai da abin da ke rajistar Charter. Lauyanta, Brian Toder, ya ce mai yiwuwa wani ne ya laɓe a waje ya saci layinta, ko ya ari lambarta ta hanyar kutse. Sai wani masani daga Jami'ar Jihar Iowa, Doug Jacobson, ya shaida cewa bayanan da aka ɗauka sun nuna babu na'urar wayifai a tsakani. Kwamfuta ce guda a haɗe da waya.

Abin da ya fi ja mata shi ne maganar rumbun ajiyar kwamfutarta. Masana sun bincika shi, ba su ga Kazaa ba, ba su ga alamarta ba. A rantsuwar da ta yi kafin shari'a ta ce tun 2004 aka sauya mata rumbun. Takardun kantin Best Buy kuwa suka nuna a watan Maris na 2005 aka sauya shi, wato kimanin mako biyu bayan saƙon gargaɗi. Ta ce kwanan wata ne ya rikice mata, kuma lalacewa kwamfutar ta yi. Ta nuna cewa ita mai sayen faifai ce ta haƙiƙa, tana da tarinsu a gida, don haka me za ta yi da na sata? Mutanen nan goma sha biyu ba su gamsu ba.

Su ma masu ƙara ba su fita da tsabta ba. Shugabar sashen shari'a ta Sony BMG, Jennifer Pariser, ta amsa a gaban kotu cewa kuɗin da ake kashewa a wannan yaƙi ya fi wanda ake samu, kuma ba ta san yawan asarar da kamfaninta ya yi saboda masu musayar ba. Ke nan ba diyya ake nema ba, izina ake son a yi da mutum.

Ran 4 ga Oktoba hukunci ya fito: dala 9,250 a kan kowace waƙa, jimla dala 222,000. Ɗaya daga cikin masu taya alƙalin ya gaya wa mujallar Wired daga baya cewa cikin mintoci kaɗan suka amince ta aikata, gardamar kuɗi ce ta cinye sa'o'i. Akwai masu son a ɗora mata mafi tsananin abin da doka ta yarda, akwai mai son mafi ƙanƙanta. A ganinsa ƙarya ta yi musu, kuma sun so su aika saƙo.

Nan ne labarin ya yi juyin da ba a saba gani ba. Bayan wasu watanni, ba tare da kowa ya roƙe shi ba, alƙali Davis ya ce yana zargin shi kansa ya yi kuskure. Ya gaya wa masu taya shi cewa buɗe jaka ga jama'a kaɗai ya isa laifin rarrabawa, ko da ba a nuna wani ya ɗauka ba. Da ya koma ya duba, sai ya ga wani tsohon hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta yankinsa, na 1993, wanda ya ce sai kaya sun bar hannu zuwa wani hannu kafin a kira abin rarrabawa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin MediaSentry ba ya iya ganin abin da ke gudana tsakanin kwamfutar Jammie da ta wani baƙo. Abin da yake iya rantsuwa a kai shi ne abin da shi da kansa ya sauke, alhali shi ɗan aiken masu waƙoƙin ne.

A watan Satumban 2008 Davis ya rushe hukuncin, ya ce a sake shari'a. A ƙarshen rubutunsa ya yi kira ga Majalisar Dokokin Amurka da ta gyara dokar. Ya ce waƙoƙi 24 ba su wuce cikin faifai uku ba, amma an ci matar tarar da ta ninka kuɗin faifai ukun fiye da sau dubu huɗu. Irin wannan diyya, in ji shi, ta dace da kamfanin da ke satar fasaha don ya yi ciniki, ba da mace guda da ba ta ci ribar ko kwabo ba.

Kafin a sake zama, RIAA ta sanar a watan Disamban 2008 cewa ta daina kai ɗaiɗaikun mutane ƙara. A shekara biyar an kai ƙara ko an yi wa mutum kusan 35,000 barazana. Ba da daɗewa ba ta raba gari da MediaSentry, wanda a wasu jihohi ake tuhumarsa da yin aikin bincike ba tare da lasisi ba. Amma shari'un da ke gaban kotu aka ce za a ƙarasa su. Aka sake yi wa Jammie tayin sulhu, ta ƙi.

A watan Yunin 2009 aka koma kotu, wannan karo a Minneapolis. Ta yi aure, sunanta ya koma Jammie Thomas-Rasset. Wasu matasan lauyoyi biyu daga Texas, Kiwi Camara da Joe Sibley, suka karɓi aikin kyauta. Aka gyara bayanin da ake yi wa masu taya alƙali, aka kawo sababbin mutum goma sha biyu. A wannan zaman ta kawo wata magana da ba ta kawo a Duluth ba, cewa mai yiwuwa 'ya'yanta ne ko tsohon saurayinta suka yi amfani da kwamfutar. Lauyan kamfanonin ya tambaye ta dalilin da ya sa sai yanzu, bayan shekaru ana tafka shari'a. Ta yi kuka a gaban kotu. Ran 18 ga Yuni hukunci ya fito: dala 80,000 a kan kowace waƙa, jimla dala miliyan 1.92. An gudu ba a tsira ba.

Da ta fito, ta gaya wa 'yan jarida cewa kamfanonin su gwada karɓa su gani, domin babu abin da za a tatsa a jikinta. Har cikin masu waƙoƙin aka samu wanda abin ya dame shi. Richard Marx, wanda waƙarsa ke cikin ashirin da huɗun, ya fito fili ya ce yana jin kunyar a haɗa sunansa da wannan hukunci.

Makonni kaɗan bayan haka aka yi ta biyu, kuma ta ƙarshe a irin waɗannan shari'u da suka kai ga masu taya alƙali. A Boston ne, kan wani ɗalibin digirin digirgir a fannin kimiyyar fiziks, Joel Tenenbaum, wanda wani shehun malamin shari'a na Jami'ar Harvard, Charles Nesson, ya tsaya masa. Shi bai yi musu ba, da aka tambaye shi a kotu ya amsa cewa ya sauke kuma ya rarraba. Aka ci shi dala 22,500 a kan kowace waƙa cikin 30, jimla dala 675,000. Mai musu da mai amsa laifi duk abu ɗaya suka tarar: ma'aunin da ya faro daga 750 ya ƙare a 150,000, aka miƙa wa mutanen gari ba tare da an ce musu ga inda za su tsaya ba.

A Minnesota kuwa Davis bai haƙura ba. A watan Janairun 2010 ya ce kusan dala miliyan biyu a kan waƙoƙi 24 abu ne mai muni da firgitarwa. Ya rage zuwa dala 2,250 a kan kowace waƙa, wato ninki uku na mafi ƙanƙantar diyya, jimla dala 54,000. Ya bai wa kamfanonin zaɓi: su karɓa, ko a sake zama a kan kuɗin kawai. Kafin su amsa sai suka aika wa Jammie sabon tayi. Ta biya dala 25,000, za su miƙa kuɗin ga asusun taimakon mawaƙa mabuƙata, da sharaɗin a nemi alƙali ya goge hukuncin ragin. Wannan sharaɗi ya nuna abin da ya fi damunsu. Ba sa son ya zauna a tarihin shari'a cewa alƙali yana iya yi wa diyyarsu iyaka. Jammie ta ƙi. Su ma suka ƙi karɓar 54,000.

A watan Nuwamban 2010 aka zauna karo na uku, da wasu sababbin masu taya alƙali. Ba a sake tambayar ko ta yi ko ba ta yi ba, nawa za ta biya kawai. Suka ce dala 62,500 a kan kowace waƙa, jimla miliyan 1.5. A watan Yulin 2011 Davis ya sake mayar da shi 54,000, amma wannan karo da tsarin mulki ya kafa hujja, ya ce tarar ta yi tsananin da ya keta haƙƙin mutum na a yi masa adalci. Rukuni uku na masu taya alƙali sun saurari maganar a zama uku, sun fito da adadi uku mabambanta, mafi girma ya ninka mafi ƙanƙanta fiye da sau takwas, alhali waƙoƙin su ne dai ashirin da huɗun nan.

Kamfanonin suka ɗaukaka ƙara, kuma suka yi wayo. Ba su nemi miliyan 1.92 ba, ba su nemi miliyan 1.5 ba, suka ce a mayar musu da 222,000 na farko, adadin da ya fi sauƙin karewa. Gwamnatin Amurka ta shiga ta goyi bayan dokar, kamar yadda ta yi tun zamanin Bush har zuwa na Obama. Ran 11 ga Satumba, 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su abin da suka nema. Ta jingina da wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1919, inda wani kamfanin jirgin ƙasa ya caji 'yan'uwa mata biyu ƙarin senti 66 kowacce a kuɗin tikiti, aka ci shi tarar dala 75 ga kowacce, kotu kuma ta ce tarar ba ta wuce gona da iri ba. Hujjar da aka kare talakawa da ita daga kamfani, ita aka juya aka kare kamfanoni daga talaka. Game da tambayar da ta sa Davis ya rushe shari'ar farko, ko buɗe jaka kaɗai rarrabawa ne, kotun ta ce ba sai ta amsa ba. A watan Maris na 2013 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar, magana ta ƙare.

Bayan shekara bakwai a kotu, Jammie ta koma kan adadin da aka fara yanke mata a Duluth. Ta ce ba ta da shi, kuma za ta je kotu ta ayyana karayar arziki. RIAA ta sake zuwa da tayi na ƙarshe: za a sassauta mata in ta yarda ta fito ta yi wa jama'a gargaɗi a kan satar waƙa. Ta ce ba za ta yi ba. Tenenbaum ma, bayan an rage masa zuwa 67,500 kotun sama ta mayar da 675,000, ta hanyar karayar arziki ya fita.

Ba sai an wanke Jammie ba kafin a ga abin da shari'arta ta tona. Shaidar da aka kawo a kanta mai ƙarfi ce, kuma rukuni biyu na mutanen da suka kalle ta ido da ido ba su yarda da labarinta ba. Amma tsarin gaba ɗaya an gina shi ne a kan cewa babu wanda zai ja. Muddin kowa na biyan dubu uku ko huɗu a ɓoye, ba wanda zai tambayi yadda aka samo lambar, ko wa ke zaune a gaban kwamfutar, ko me ya haɗa waƙar senti 99 da dala 150,000. Taurin kan mace guda ne ya tilasta aka yi waɗannan tambayoyi a bainar jama'a, kuma amsoshin ba su yi wa kowa daɗi ba.

Kasuwar waƙa kuwa ba ta farfaɗo da shari'a ba. Cinikin waƙoƙi a Amurka ya kai dala biliyan 14.6 a 1999, ya yi ta zubewa a duk shekarun da ake kai mutane kotu, zuwa 2014 ya koma wajen rabin haka. Kazaa ta biya sama da dala miliyan 100 a sulhun 2006, wata manhajar musayar, LimeWire, ta rufe a 2010 bisa umarnin kotu, masu musayar suka koma wata hanyar musaya mai suna BitTorrent. Abin da ya janye mutane daga ƙarshe shi ne zuwan manhajojin sauraron waƙa irin su Spotify, wanda ya fara a Turai a 2008 ya shiga Amurka a 2011. Da sauraron halal ya fi na sata sauƙi, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin aljihu ba, mutane suka dawo suna biya.

Farautar kanta ba ta mutu ba, wanda ake bi ne ya sauya. Faransa ta kafa hukumar Hadopi a 2009 don aika wa masu layi gargaɗi mataki-mataki. A Jamus wasiƙun lauyoyi masu neman ɗaruruwan yuro sun zama sana'a mai zaman kanta. A Amurka kamfanonin waƙa sun koma kan masu sayar da intanet, suna cewa sun ga gargaɗi sun ƙi yanke layin masu laifi. A 2019 masu taya alƙali a Virginia suka ci kamfanin intanet na Cox dala biliyan ɗaya, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke adadin a 2024. Da ma'aunin da aka auna Jammie aka auna Cox, domin Majalisar da alƙali Davis ya roƙa a 2008 ba ta taɓa shi ba. A dokar da kamfanonin suka yi amfani da ita, daga 750 zuwa 150,000 ne a kan kowace waƙa, ko wanda ake ƙara katafaren kamfani ne ko uwa mai 'ya'ya biyu.